Na je Damagaram duba farashin gero

Shekara da shekaru ina rubutu kan yunwa da manufofin abinci, mafi yawa daga rahotannin hukumomi, ina zaune a Kano. Wannan karon sai na ce bari in je in tsaya gaban masu awo a Damagaram.

Daga Kano zuwa Daura babu labari. A wani shinge ne bayan mun tsallaka iyaka jami'i ya karɓi katina, ya ga ɗan jarida, ya ɗaure fuska. "Kai ma hoton yaranmu ka zo ɗauka ka sayar wa Turawa?" Ya bar ni a rana ya koma shan shayinsa, sai da direba ya yi ta "ranka ya daɗe" kafin ya cillo min katin. Raina ya ɓaci, amma na san tushen maganar. A 2005, bayan fari da farin dango na 2004, hotunan yaran Maraɗi da Zinder, wato Damagaram, sun zagaye duniya, Shugaba Tanja kuwa ya dage cewa babu yunwa a Nijar. Har yau ciwon bai warke ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne gawo. Daga Matamai ka duba hagu ka duba dama, gonaki cike da shi, kuma ba dasa su aka yi ba, toho ne manoma suka daina sarewa suna renonsa. Gawo kan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Mu a gida da tuni mai gawayi ya yi ciniki.

A Kasuwar Dole na zauna wajen wani dattijo mai sayar da hatsi, yana cika tiya har ta yi tozo kafin ya juye. Na tambaye shi 2005. Ya ce, "Ɗana, gero bai ɓace a kasuwar nan ba, kuɗin saye ne ya ɓace. Dabba ta faɗi, buhu ya hau, manyan motoci kuma na kwasa zuwa wajenku." Dawanau yake nufi, babbar kasuwar hatsi ta Kano, na yi shiru. Ya tuno min da yunwar 1984 da suke kira El-Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. A 2024 kuma gwamnatin Nijar ce ta hana fitar da hatsi. Kowa ya tsorata sai ya rufe ƙofa, mai saye da tiya shi ke shan wahala.

Dattijon ya rantse ba zan ci abincin kasuwa ba. Ya kai ni gidansa a Birni, aka kawo fura mai kauri da dambun zogale, ruwa kuma a ɗan kofi, don a garin nan ruwa sai an lallaɓa. Na miƙa wa yara ɗan abu, ya ce in mayar aljihu.

Lissafinsu na kuɗin sefa da dala da jika ya sha kaina, kuma naira ba ta da kwarjini a hannun mai canji. Kilishinsu ya fi namu taushi, tsadarsa ma ta fi. Sai dai ba sa ɗaga murya a ciniki kamar 'yan kasuwar Kwari ta Kano.

Fadar Sarkin Damagaram daga waje na gan ta. Mirya ban samu zuwa ba. Komowa ta Magarya muka biyo, na yi barci har Ɓaɓura.