Mayar da kwamfuta injin faks da na'urar amsa kira: abin da aikin ya koyar a Legas

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 faks ya fara ja da baya, har yau da yawa daga cikin yaran shago ba su taɓa jin ƙararsa ba. Amma bai mutu ba. Masu fito da kaya a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, da masu odar motoci da kayan gyara daga Japan ko Jamus, har yanzu sukan haɗu da kamfanin da zai ce sai dai a turo takarda ta faks da sa hannu a kai. Sayen inji guda saboda shafi goma a wata ɓarnar kuɗi ce, tunda tsohuwar kwamfutar ofis za ta iya aikin, ta kuma ɗauki saƙon murya idan ba kowa a kusa. Babban abin da aikin nan ke koya wa mai haɗa shi shi ne, da wuya matsala ta fito daga kwamfutar. Layin waya da wuta su ne ke yanke hukunci, kuma a nan mutane suka fi yin sakaci.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: kwamfuta, modam na layin tarho, igiyar waya mai ƙaramin kai da ake kira RJ11, da layi mai rai. A kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko a Alaba, idan ka ce modam kawai, na saka SIM za a miƙo maka, wanda ba ya wannan aiki. Ka ce 56K mai ramin wayar tebur. Akwai na cikin kwamfuta da ake soka wa a allonta, akwai na waje mai USB, kuma na wajen ya fi, saboda dalilin da zai zo a maganar tsawa. Kafin a biya kuɗi a gwada shi. A buɗe tagar da ake aika wa modam umarni kai tsaye, a rubuta AT+FCLASS=? sai ya jero lambobi. Idan akwai 1 ko 2 ko 2.0, yana yin faks. Idan akwai 8, yana ɗaukar murya. Wanda ba ya ɗaukar murya ba zai taɓa zama na'urar amsa kira ba, ko wace manhaja aka ɗora masa, kuma rubutun jikin kwali ba abin dogaro ba ne. A tabbatar kuma akwai direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, na irin Windows ɗin da ke kan kwamfutar, don tsofaffin modam da yawa direbansu ya tsaya a Windows XP.

Ta fannin manhaja, Windows Fax and Scan na zuwa da Windows 7 da 10, a Windows 11 kuma wani lokaci sai an ƙara ta daga cikin abubuwan zaɓi. Tana aikawa tana karɓa, amma ba ta ɗaukar saƙon murya, wannan sai da wata manhaja daban. Masu Linux suna da HylaFAX don faks, da vgetty don murya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar manhajoji biyu kowace tana jiran kira a kan modam ɗaya: wadda ta riga ɗauka ita ce da kiran, sai mai son magana ya ji ƙarar faks a kunnensa ya ajiye. Idan layi ɗaya ne zai yi aiki biyu, manhaja ɗaya ce za ta riƙe shi, wadda ta iya bambancewa.

Yanzu ga layin, inda aikin yake. Faks sauti ne. Inji yana mayar da baƙi da farin takarda zuwa ƙara, ya tura ta cikin waya, na can ya mayar da ita hoto. Duk abin da ya taɓa sautin ya taɓa takardar. Layin jan ƙarfe irin na zamanin NITEL, tsohon kamfanin tarho na gwamnati, shi aka ƙera faks dominsa, amma irinsa ya yi ƙaranci a Legas. Yawancin abin da ake kira wayar tebur yau ɗaya ne cikin biyu: ko akwati mai SIM a ciki, ko layin da ke bi ta intanet ya fito ta wani ɗan akwati mai ramin RJ11. Duka biyun za su ba ka sautin layi idan ka ɗaga kan waya, shi ya sa suke ruɗar mutane.

Akwatin SIM a cire rai da shi a batun faks. Hanyar salula tana matse murya, ta zubar da duk abin da kunnen mutum ba zai lura da shi ba, kuma abin da ta zubar ɗin shi ne takardar. Zai iya yin aikin amsa kira, faks kuwa za a ji injinan sun gaisa sannan kira ya yanke. Layin intanet yana yiwuwa, amma da sharaɗi. A tambayi kamfanin da ya ba da layin ko yana da T.38, tsarin da aka yi musamman don faks ya bi ta intanet. Idan babu, a sa akwatin ya yi amfani da G.711, wanda ba ya matse sauti, a cire G.729 mai matse sauti daga jerin. A kashe abin da ke yanke shiru da abin da ke kashe amsa-kuwwa. Sannan a rage gudu. Faks na yau da kullum yana tafiya a 14,400, na zamani har 33,600, amma a layin intanet 9,600 ya fi isa lafiya. Shafi zai ɗan daɗe, amma gara ya daɗe da a yi ta sake kira. Windows Fax and Scan ba ta da wurin rage gudu a fili, wannan na cikin dalilan da ke sa ofishin da faks ɗinsa ke da yawa ya koma HylaFAX.

Akwai kuma tsarin gyara kuskure da ake kira ECM, inda injin karɓa ke cewa a sake turo yankin da ya lalace. A layi mai kyau a bar shi kunne. A layin da ke yawan tsinkewa yakan yi ta neman a sake har kiran ya mutu ba tare da shafi ko ɗaya ba, alhali da an kashe shi takarda za ta iso da 'yan zane-zane amma tana karantuwa. Ga takardar kuɗi, ni dai na fi son kira ya faɗi a sake da a karɓi shafin da lamba ɗaya ta goge a ciki.

Gwajin layi ba ya buƙatar kayan tsada. A soka wayar tebur ta gargajiya, a ɗaga, a danna lamba ɗaya don sautin layi ya tsaya, a saurara. Idan ana jin ƙaras-ƙaras ko gurnani, faks zai sha wahala. A layin jan ƙarfe, mitar awo za ta nuna kimanin bolt 48 idan waya na ajiye, ta faɗo ƙasa da 12 idan an ɗaga. Danshin Legas da iskar gishiri ta bakin ruwa suna cin mahaɗar waya har ta yi kore-kore, musamman a akwatin da ke jikin bango ta waje. Sau da yawa yanke inci biyu na wayar a sake ɗaurawa shi ne dukan gyaran. Kuma kada a soka modam a ramin wayar ofis mai injin rarraba kira na dijital, wutar da ke ciki daban ce, tana iya ƙona shi. A nemi rami na analog.

Lambobi ma suna kayar da mutane. Daga farkon 2024 hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta sauya tsarin lambobin wayar tebur, Legas ta tashi daga 01 ta koma 0201, daga waje kuma +234 201. Wanda ke da tsohuwar lamba a kan takardar kamfaninsa ya gyara, ya kuma sanar da abokan hulɗa na waje. Wurin kira zuwa ƙetare ana fara wa da 009. Idan layin ofis sai an danna 9 kafin a fita, a sa waƙafi bayanta, kowane waƙafi jiran daƙiƙa biyu ne. A saitin modam kuma a duba ƙasar da aka zaɓa, don da ita yake gane sautin layi da sautin cewa an ajiye waya.

Wuta kuwa, abin da mutane ke mantawa shi ne lokacin da faks ke zuwa. Japan tana gaban Najeriya da awa 8, Sin da awa 7. Takardar da aka turo ƙarfe goma na safe a Tokiyo, ƙarfe biyun dare za ta buga a Legas, lokacin da janareto ke kashe, ofis a kulle. Injin faks da kwamfuta duk ɗaya ne a nan, wanda ba ya kunne ba ya karɓa. Ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta, mai 650VA mintuna kaɗan yake riƙe babbar kwamfuta, amfaninsa kawai ya tsallakar da ita tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto. Tsohon laftof mai batir lafiyayye, a kan inbata, ya fi dacewa nesa ba kusa ba, don ba ya cin wuta sosai. Idan layin na intanet ne, dole akwatin layin da rauta su ma su hau inbatar, in ba haka ba kwamfuta na kunne tana jiran kiran da ba zai zo ba. A hana kwamfutar yin barci, a hana Windows kashe ramin USB don tsimin wuta, a kuma shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. A duba ɗan batirin agogo, CR2032, domin idan ya mutu kwanan wata zai koma baya, kuma shi ne ke fita a saman kowane shafi da aka aika.

Da damina, tsawa ta fi shigowa ta wayar tarho fiye da ta soket, idan layin na jan ƙarfe ne da ya bi sama. A sa na'urar kariya daga tsawa mai ramin RJ11, wadda kuma ba ta da amfani idan ginin ba shi da wayar da ke sauke wutar tsawa cikin ƙasa ta gaske. Modam na waje yakan ƙone shi kaɗai a sayi wani, na ciki kuwa yakan tafi da allon kwamfutar.

Haɗa murya da faks a layi ɗaya yana tafiya ne da wata 'yar ƙara. Injin da ke aikawa yana fitar da sauti mai 1100 Hz na rabin daƙiƙa, ya yi shiru daƙiƙa uku, ya sake. Manhaja tana ɗaukar kira, ta fara gaisuwa, tana kasa kunne, da ta ji wannan sai ta juya zuwa faks. Sai dai injin can ba ya jira har abada, kimanin daƙiƙa 35 ne ya haƙura. To a nan al'adarmu ta doguwar gaisuwa take cin karo da inji. Sallama, sunan shago, lokacin buɗewa, a sake da Turanci, wani ma ya ƙara da Yarbanci saboda abokan ciniki, kafin a gama faks ya tafi. A taƙaita gaisuwa ƙasa da daƙiƙa 15, a ɗauke ta a ɗaki shiru ba kusa da janareto ba, don hayaniya tana rufe ƙarar da ake jira. Kamar haka ya isa: "Assalamu alaikum. Ba kowa a ofis yanzu. Faɗi sunanka da lambarka bayan ƙarar nan, za mu kira ka." A ajiye fayil ɗin a 8,000 Hz, sauti mai hanya ɗaya (mono), shi ne abin da layin waya ke ɗauka. Layin faks zalla ya ɗauka bayan bugu biyu, wanda mutane ke amsawa kuma bayan huɗu.

A sa iyaka ga tsawon saƙo, minti biyu ya wadatar, da yankewa bayan shiru na daƙiƙa shida ko bakwai. In ba haka ba, ranar da modam ya kasa gane an ajiye waya zai yi ta naɗar tit-tit yana riƙe da layi. Wurin ajiya ba matsala ba ne, minti guda bai kai megabait ɗaya ba. Kuma gaskiya, mutanenmu ba su saba barin saƙo ga inji ba, da sun ji shi sai su kashe su kira salula. Saboda haka nuna lambar mai kira ya fi naɗar muryar amfani, idan layin yana turo ta kuma modam ɗin yana karantawa.

Takardar da za a aika ita ma tana da nata sharuɗɗa. Faks na yau da kullum baƙi da fari kawai ya sani. A mataki na yau da kullum ɗigo 204 ne a kwance, 98 a tsaye cikin kowane inci, a mataki mai kyau kuma 204 da 196. Takardar kuɗi da ta jigilar kaya a riƙa tura su a mataki mai kyau, don a na yau da kullum 3 da 8 sukan zama abu ɗaya. Rubutu kada ya gaza girma 10. Sa hannu da baƙin biro, shuɗi yakan dushe, haka ma hatimi mai ruwan shunayya. A sikana a zaɓi baƙi da fari a 200, kada a tura hoton da aka ɗauka da waya, inuwar da ke bayansa tana zama dubban ɗigo da ke mayar da shafin minti ɗaya ya koma na biyar, a kiran ƙetare kuma kuɗi ne. Abin da aka rubuta a kwamfuta a tura shi kai tsaye ta firintar faks da ke cikin jerin firintoci, ya fi fita tsaf.

Abin da aka karɓa yana sauka a fayil na TIFF. A saita manhaja ta ajiye kwafi a babban fayil da ake kwashewa zuwa wani wuri duk mako, a kuma kulle shi, tunda ciki akwai lambobin asusu da kwafin fasfo. Rahoton da ke cewa an aika yana nufin injin can ya karɓi shafuka, ba ya nufin mutum ya gani. Lambar da ke fitowa a saman shafi kuma mai aikawa ne ke rubuta ta da hannunsa a saiti, kowa na iya sa wadda ya ga dama. Duk faks ɗin da ya zo da cewa an sauya asusun da za a biya kuɗi, a kira kamfanin ta tsohuwar lambar da aka sani kafin a je banki.

Ga wanda ba shi da layin tebur kuma shafukansa ba su wuce 'yan kaɗan a wata ba, bai kamata ya ja layi saboda wannan ba. Akwai kamfanonin da ke karɓar faks a madadinka su turo maka ta imel, kai ma ka aika ta hanyarsu. Kafin biyan kuɗi a tambaye su lambar wace ƙasa za su bayar, ko suna isar da faks zuwa ƙasar da ake hulɗa da ita, da kuma tsawon lokacin da suke ajiye takardun mutane a wurinsu.