Kawu, ba ni nake tuƙa jirgin ba

Mutanen Garwa, ina gaisuwa. Yaya zafi? Mu nan sanyi ya hana mu sakat.

Tun da na zo Brussels tambaya ɗaya ake yi mini a WhatsApp: yaushe za ka sauko mana da jirginka? Na ji Kawu har ya gaya wa 'yan majalisarsu ɗansa direban jirgin sama ne. Kawu, a yi haƙuri. A ofishin kamfanin jirgin sama nake gaban kwamfuta, ina tsara wanda zai tashi da wanda zai kwanta cikin matuƙa da ma'aikatan jirgi. Bari in ba ku labarin aikin, da na takardar zama, da maganar tikitin da ake cewa ana yi mana rangwame.

Aikin duk ƙidayar awoyi ne. Dokar Turai ta hana matuƙi ko ma'aikaciyar jirgi wuce awa 100 a sama cikin kwana 28, ko awa 900 a shekara. In mutum ya dawo gida, sai ya huta aƙalla awa 12 kafin a sake taɓa shi.

Wani dare a Janairu ƙanƙara ta zuba, jirage suka yi layi ana wanke musu fukafukai. Namu ya makara. Na buga lissafi, na ga kyaftin zai zarce ƙa'idar awoyin aikinsa na ranar da minti 20. Minti 20 fa, ga fasinja sun cika falo! Doka ta ba shi damar ƙara har awa 2, amma shi kaɗai ke da ta cewa. Ya ce ya gaji. Shi ke nan, babu mai haɗa shi da Allah da Annabi, ko manaja bai isa ba. Na kira kyaftin na jiran ko-ta-kwana, ya ɗaga da muryar barci, shayina ya huce a kofi. Da jirgin ya ɗaga, jan layin da ke allona ya koma kore, na ji wani daɗi da ba zan iya kwatanta muku ba, alhali ko fasinja ɗaya bai san da ni ba.

A daren na tuna ƙanena da ke tuƙa bas. Ya iso daga Ngaundere, ya ɓare goro, ya juya da wasu fasinja zuwa Marwa. Wa ke ƙirga masa awoyinsa? Inna, ki riƙa tambayarsa yaushe rabonsa da barci.

Tikiti kuwa, gaskiya ne ana yi mana rangwame, amma sai in kujera ta rage. Na taɓa kwana a benci da jakata saboda haka. Maganar takardar zama sai wani jiƙon, hannuna ya sandare.