Alhamis a Maigatari, ranar da aka kashe Gaddafi

20 ga Oktoba, 2011

Neman ragon layya ne ya fitar da ni yau. Sallah saura mako biyu da 'yan kwanaki, Baffa kuma ya ce in muka bari ta matso kuɗin dabba sai ya fi ƙarfinmu. Na nemi izini a makaranta, muka bi motar sassafe zuwa Maigatari. Kara ta cika maƙil: raƙuma da shanu daga Nijar, Uda da Balami garke-garke, ga 'yan Kudu sun jera tireloli suna lodi. Mun samu wani matsakaicin Balami, bayan dillali ya kusa ƙarar mana da yawu.

Mun idar da azahar muna rumfar mai shayi sai rediyonsa ya ce an kama Kanar Gaddafi a Sirte, garin da ya fito, kuma ya ji rauni. Ba a jima ba magana ta sauya, aka ce ya mutu. Wani dattijo ya ajiye kofi yana salati. Wani saurayi ya ce ƙaryar Turawa ce, ai sun sha kashe 'ya'yansa a rediyo su kuma dawo da rai. Wani Buzu da ke gefe, rawaninsa har hanci, bai ce uffan ba. Ya biya kuɗinsa ya tashi.

Da la'asar mai gidan kallon ƙwallo ya juya tasha zuwa Aljazeera, na leƙa. Mutumin da ya yi shekara 42 yana juya Libiya, tun 1969 da ya kifar da Sarki Idris, shi ne yara ke ja a ƙasa jina-jina, suna ihu suna harbi sama. An ce jiragen NATO ne suka buɗe wa ayarin motocinsa wuta yana ƙoƙarin ficewa, ya shige kwalbati, a can aka zaƙulo shi. A hoton farko da ransa. A na biyu gawa ce. Mahmud Jibril na majalisar riƙon ƙwarya ta 'yan tawaye ya ce harsashi ne ya same shi a musayar wuta. Ni dai abin da idona ya gani bai yi kama da musayar wuta ba.

Bayan isha'i majalisar ƙofar gidan mai unguwa ta cika fiye da kullum. Baffa ne ya buɗe da labarin 1997, zamanin Abacha, lokacin da Gaddafi ya taka takunkumin hana jiragensa tashi ya sauka Kano ya ja salla. Baffa yana cikin taron, kuma har yau in yana ba da labarin sai ka ce jiya aka yi. A wurinsa magana ɗaya ce: namiji ne da ya tsaya wa Amurka da Ingila da Faransa, man fetur ɗinsa suke so, sun kuma samu. Wani ya kawo zancen ruwan da ya haƙo daga ƙarƙashin Sahara ya ja shi da manyan bututu har Turabulus da Bingazi, ya ce mu nan da kogin Haɗeja a bayan gida wane gwamna ne ya yi mana kwatankwacinsa?

Na ce, «Baffa, ba na musu da kai. Amma shi ne fa bara ya ce a raba Nijeriya biyu, Musulmi daban Kirista daban, har gwamnati ta janye jakadanta daga Turabulus. Kuma a kurkukun Abu Salim an hallaka fursunoni sama da 1,000 a 1996, iyayensu suka yi shekaru suna kai musu abinci ba su san sun mutu ba. Kama lauyan waɗannan iyalai ne ya tayar da Bingazi a watan Fabrairu.»

Baffa ya ce ni boko ya lalata ni. Aka yi dariya.

Liman ne ya raba mu. Ya ce ko wane ne shi, wanda aka kama a hannu ba a yi masa haka, kuma gawa tana da haƙƙi. Ya tuna mana yadda aka rataye Saddam da asubar babbar salla a 2006. Nan kowa ya yi shiru, don babu mai ja da wannan.

Abin da ya hana ni barci har na ɗauko waya ina wannan rubutu ba tambayar ko mutumin kirki ne ko azzalumi ba ce. Ya tafi, hisabinsa yana wurin Allah. Tambayata ita ce: gobe da safe, wa zai ce wa yaran nan su ajiye bindiga su ji?

Gaddafi bai bar komai a tsaye ba sai kansa. Ya hana jam'iyyu. Babu zaɓe. Tsarin mulkin zamanin sarki ya soke shi. Yakan ce shi ba ya riƙe da wani muƙami, kwamitocin jama'a ne ke mulki, alhali ko tsinke ba ya motsi sai da yardarsa. Soja ma bai bari ya yi ƙarfi ba don tsoron juyin mulki, manyan makamai suna hannun rundunonin 'ya'yansa da na danginsa. Mu nan da Abacha ya rasu a 1998, washegari an rantsar da Abdussalami, ma'aikata suka tafi ofis, hakimi yana nan, alƙali yana nan, shekara ba ta cika ba aka yi zaɓe. Duk lalacewarmu akwai kujerar da wani zai hau. A Libiya kujerar da mai ita abu ɗaya ne, kuma yau an ja su a ƙasa tare.

Waɗanda suka ci yaƙin kuwa ba runduna ɗaya ba ce. Mutanen Misrata da nasu kwamandoji, na Zintan da nasu, na Bingazi da nasu, kowa yana ganin shi ya fi zubar da jini. Ƙin Gaddafi ne ya haɗa su, kuma yau abin ya ƙare. Mustafa Abdul Jalil, shugaban majalisar riƙon ƙwarya, da majalisarsa sun yi alkawarin zaɓe cikin wata takwas bayan an ayyana 'yantar da ƙasa. Allah ya sa. Amma tun a watan Yuli aka kashe babban kwamandansu, Abdul Fatah Yunis, a yankin da yake hannunsu, har yau ba a hukunta kowa ba. Na tuna Laberiya: an kama shugabanta Samuel Doe a 1990, aka azabtar da shi gaban kyamara, mutane suka ce shi ke nan an huta. Sai 2003 bindiga ta yi shiru a can. Iraƙi kuwa har gobe bama-bamai ke tashi a kasuwa. Wataƙila Libiya ta sha bamban, mutanenta kamar miliyan shida ne kacal, ga mai. To amma man nan shi ma abin faɗa ne.

Kuma ba nesa take da mu ba kamar yadda taswirar ajinmu ke nunawa. Daga Maigatari sai Damagaram, sai Agadas, sai Dirku, sai Sabha. Hanyar da samarinmu ke bi su tafi leburanci ita ce dai hanyar da kaya ke gangarowa. An fasa rumbunan makamai, kowa ya ɗebi rabonsa. A watan jiya ayarin motocin mutanen Gaddafi suka shigo Agadas, har da ɗansa Sa'adi. Mu kuma ga abin da ke faruwa a Maiduguri, ga bam ɗin da aka tayar a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a watan Agusta. Mai unguwa ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban ga mai ɗebo ruwan ba tukuna.

Ina shiga gida na tarar da maƙwabciyarmu zaune wurin uwargida tana jirana. Ɗanta yana Sabha yana aikin gini, rabon da a ji muryarsa tun cikin azumi. Waɗanda suka dawo sun ce baƙar fata a can yanzu sai ɓuya, duk wanda aka gani sai a ce sojan hayar Gaddafi ne.

Ta ce, «Malam, kai da kake jin rediyo, tunda an kashe shi ai yaƙi ya ƙare ko? Yanzu sai su taho?»

Na ce, «Inna, a ci gaba da addu'a. Hanya ba ta gama lafawa ba.»

Na sake gwada lambar da ta ba ni, a kashe take. Na karɓi sunan maigidan da yake wa aiki da unguwar da suke kwana, na rubuta a takarda. Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba direbobin Damagaram, su miƙa wa masu zuwa Agadas, don an ce a can ake sauke waɗanda aka kwaso daga Sabha.