Aisin da ake sauya wa aiki ba a taɓa dalma ba

Shagonmu a Garwa yake, kuma gyara ne ke ciyar da mu: inbata, cajar sola, kwantirolan famfon rijiyar burtsatse. Abu ɗaya ne muke ƙerawa da kanmu, wata na'ura ce da ba ta fi wayar hannu ta da girma ba, aikinta ta faɗa maka inda kebul ya katse ko ya haɗe ba tare da ka tone shi duka ba. Masu saye su ne masu haɗa famfon sola a gonakin bakin Binuwai, da 'yan wayarin, da wasu masu aikin eriya daga Marwa da Kuseri. Mai lambu ya binne kebul daga fanel zuwa bakin rijiya, fartanya ko ɓera ya taɓa shi a wani wuri, famfo ya tsaya, albasa na jiran ruwa. Da sai a tara yara a yi ta tono. Yanzu a maƙala na'urar a bakin kebul, a danna, ta rubuto tazarar.

Dabarar tsohuwa ce, kamfanonin tarho sun daɗe da ita. Ka harba ɗan gajeren bugun wuta cikin kebul, idan ya isa inda aka samu matsala wani ɓangarensa zai dawo, kai kuma ka auna lokacin da ya ɗauka. Wahalar tana wajen lokacin. Bugun yana gudu da kusan kashi 2 cikin 3 na gudun haske, wato kamar santimita 20 a nanosakan guda, kuma nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Zuwa da dawowa, mita ɗaya na kebul nanosakan 10 ke nan. Idan ka makara da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ka tura mutum ya tona mita 100 nesa da wurin.

Nan ne 'yar ƙwaƙwalwar da kowa ya saba da ita, irin ta kan allon Arduino da ake koyon haɗa na'urori da shi, take gazawa. Ita umarni take bi ɗaya bayan ɗaya, a megahaz 16 kowane taku nanosakan 62 da rabi ne, kafin ta waiwayo ta duba ƙafar da saƙon zai shigo, saƙon ya wuce. Akwai manyanta masu sauri, amma suna shan batir, kuma da su ma sai ka yi ta dabara. Shi ya sa muka koma ga FPGA.

FPGA aisi ne (IC, ɗan ƙanƙanin abin nan mai ƙafafu da ake dasawa a allon na'ura) da ke zuwa babu aikin komai a cikinsa. Dubban ƙananan ɗakunan lissafi ne a jere, da hanyoyin da za a iya haɗa su yadda aka ga dama. Kai za ka rubuta yadda kake son a haɗa su, da yaren Verilog ko VHDL, kwamfuta ta mayar da rubutun fayil, ka ɗura. Daga nan ya zama da'irar da ka zana. Mai ƙirga lokaci yana ƙirgawa, mai sauraron kebul yana saurare, mai magana da allon nuni yana nasa, duk a lokaci guda, babu mai jiran wani. Kamar gidan biki ne da kowace tukunya ke da murhunta da mai tuƙa ta.

Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1985, mai lamba XC2064, ɗakunansa 64 kacal. Shekaru da yawa kayan manya ne, na tashoshin sadarwa da sojoji, masu tsada da zafi. Yau Xilinx na hannun AMD tun 2022, babbar kishiyarsa Altera kuwa Intel ta saye ta a 2015. Mu ba ruwanmu da waɗannan giwayen. Namu shi ne iCE40, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna SiliconBlue ya ƙirƙiro musamman don kayan riƙewa a hannu, Lattice ta saye kamfanin a 2011. Da masu farke wayoyi suka buɗe iPhone 7 a 2016, sun tarar da ɗan gidan nan a ciki. Samfurin da muke sa wa shi ne UP5K: ɗakuna 5,280, cikinsa yana aiki da bolt 1.2, kuma idan yana zaune ba aiki, takardar kamfanin ta ce wutar da yake ja wajen maikro'amfiya 75 ce.

Wannan adadin yana da daɗin ji, amma kada ya ruɗe ka. A lissafi, batirin 18650 mai 2,500 mAh zai riƙe shi a zaune fiye da shekara uku. A aikace allon nuni da regileta da filashin da ke gefensa (ma'ajiyar da ke riƙe fayil ɗinsa) sun fi shi ci nesa ba kusa ba, kuma da zarar agogo ya fara bugawa da sauri, shi ma cinsa ya tashi. Don haka na'urarmu ba ta barin sa a kunne. Wata 'yar ƙwaƙwalwa mai arha ce ke gadi, idan an danna maɓalli ta ba shi wuta, ya ɗauko tsarinsa daga filashi (fayil ɗin bai fi kilobait 104 ba, kafin ƙiftawar ido ya gama), ya yi awo, ya miƙa lamba, a kashe shi. Yana mance komai idan wuta ta ɗauke, haka aka gina shi. Yana da wata ma'ajiya a ciki da ake iya ƙona tsarin sau ɗaya tak, amma ban yarda yarana su taɓa ta ba, domin wanda ya ƙona ya rufe wa kansa ƙofar gyara.

Kuma ƙofar gyaran nan ita ce abin da ya riƙe ni. Allunan da'irarmu a Shenzhen ake buga su. Kafin su sauka Duwala ko Yawunde, su biyo hanya ta Ngaundere su iso nan, makonni sun shuɗe, ga kuɗin jirgi, ga kwastan. Mai ƙaramin jari a arewacin Kamaru ba zai iya sake buga allo duk lokacin da abokin ciniki ya zo da sabuwar buƙata ba. Wani mai haɗa famfo ya zo ya ce mini, "Maigida, a gajeren kebul ba ta gani, sai ta rubuta sifili." Gaskiyarsa ce, bugun da muke harbawa ya yi tsawo, amsar tana dawowa tun bai gama fita ba. Da a ce da aisi-aisi na gargajiya muka haɗa, sai an sake zane. A nan layi kaɗan aka canza, aka ƙara zaɓin gajeren bugu, ya zauna ya sha shayi, aka ɗura masa sabon fayil ya tafi.

Awon kansa da agogon megahaz 48 muke yi, muna leƙa kebul a hawan bugun agogo da saukarsa, wato kowane nanosakan 10 da ɗoriya, kusan mita guda. Aisin yana da agogonsa na ciki mai wannan gudun, sai dai ba shi da tsayayyen hali, zafi na ja shi. A garin da zafin Afirilu ke haura digiri 40 a inuwa, kuma na'ura ke kwana a akwatin babur, ba a wasa da wannan, sai mu sa kiristal na megahaz 12 a waje mu ninka shi a ciki. Kowane kebul kuma da nasa gudun, ya danganta da robar da aka naɗe shi da ita. Shi ya sa nake ce wa mai saye ya yanki mita 20 na irin kebul ɗinsa ya gwada tukuna, na'urar ta koyi gudunsa.

Tallan waɗannan aisi kullum ƙanƙanta yake yabo. UP5K yana zuwa a wani jiki da bai kai milimita 3 ba kowane gefe, da 'yan ƙwallayen dalma 30 a ƙarƙashinsa. Wannan na masana'antar waya ne mai injin jerawa da na'urar haskawa. Mu mai ƙafa 48 muke saye, milimita 7 kowane gefe, wanda yaro mai natsuwa zai zaunar da injin iska mai zafi da gilashin ƙara girma. Shi ma akwai faranti a cikinsa ta ƙasa wanda dole ya kama allo. Idan dalmar wurin ta yi yawa, aisin ya ɗaga ya yi iyo, ƙafafun gefe guda su rataya ba su taɓa ba, ka kunna ka ga shiru. Lokacin hunturu kuwa, iska ta bushe, jikin mutum yana tara wutar da za ta iya lalata aisi, sai na sa kowa ya ɗaura abin hannu mai waya zuwa ƙasa kafin ya buɗe ledar aisin.

Abin da ya sauƙaƙa mana shiga harkar shi ne manhaja. A 2015 wasu masana, Claire Wolf da Mathias Lasser, suka gano yadda fayil ɗin iCE40 yake a tsare, suka saki aikin kyauta da sunan IceStorm. Da shi da Yosys da nextpnr, tsohuwar laftof mai Linux ta isa, ba lasisi, ba jiran intanet, ko wuta ta ɗauke ana ci gaba da batir. Ɗaliban da ke zuwa mana koyon aiki daga Marwa da Ngaundere yawanci VHDL aka koya musu a aji, sai mun juya su zuwa Verilog. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuya shi ne raba su da tunanin cewa layi na biyu yana jiran na farko.

Mutane kan zo su ce a sa musu FPGA a cajar sola ko a agogon kiran salla, don sun ji sunan. Nakan hana su. Wannan aikin 'yar ƙwaƙwalwar da ba ta kai jaka guda ba za ta yi shi, kuma kowane mai gyara a kasuwa zai iya canza ta. Idan 'yan ƙofofin lissafi kaɗan kake so, CPLD, wato ƙaramin ɗan'uwan FPGA, irin CoolRunner-II ya isa, shi ba ya mantuwa idan an kashe. Yanzu muna gwada na kamfanin Gowin na Sin, wanda ke kan allon Tang Nano, domin yana da filashi a cikinsa, aisi ɗaya zai ragu a allonmu. Guda biyu na kan rufin kwanon shago a cikin akwatin roba, suna aiki dare da rana, sai bayan bazara zan yanke shawara.