Abin da na "tuna" a ɗakin tanwim, da yadda ya kusa raba ni da Gwaggona

Tun ina ƙarama ake ce min mai kunya, ni ma na yarda kunya ce, sai da na girma na yi aure nan Jidda na gane abin ya wuce nan. In aka ce akwai walima ko suna, tun ana saura kwana uku cikina yake fara murɗawa, ranar kuwa in aka miƙo min butar gahawa aka ce in zuba wa baƙi hannuna rawa yake har finjalin yana ƙara, zufa ta wanke ni, in ji kaman duk matan falon ni suke kallo. Akwai bikin 'yar ƙanwar maigidana a Makka da na shige banɗaki na yi kusan awa ɗaya, na fito na ce ciwon ciki ne. An yi min ruƙiyya, na sha rubutu, wasu suka ce girman kai ne kawai yake damuna, wannan maganar ta fi komai yi min ciwo wallahi.

Wata maƙwabciyarmu ce ta turo min bidiyon wata mata a Snapchat, tana cewa duk mai tsoron mutane akwai abin da ya same shi yana yaro wanda ƙwaƙwalwa ta binne, in aka tono shi shikenan an warke. Larabawa suna ce wa aikin tanwim magnaɗisi, wato a sa ka cikin wani yanayi kaman barci amma ba barci ba ne, kana jin duk abin da ake faɗa. Riyal 400 kowane zama, na haɗa kuɗin adashina na je wajen matar.

Zama na farko ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Ta sa na kishingiɗa, ta rage hasken ɗakin, tana magana a hankali tana ƙirge, ta ce in saki kafaɗuna in ja numfashi ta hanci. Rabon da jikina ya saki haka har na manta. Har yau ina amfani da wannan numfashin.

A zama na biyu ne ta ce za mu koma shekara biyar. Na ce ina ganin tsakar gidanmu na Kano, da rijiya. Ta ce akwai ƙofa? Na ce eh kaman akwai. A rufe take ko? Kina ciki ko? Duhu ne? Wa ya rufe ki, mace ce? 'Yar uwa ce? Kafin a tashi na ga kaina a ɗakin ajiyar hatsi, ana suna a waje mata suna dariya, Gwaggona ƙanwar Baba ta ja ƙyaure ta sa sakata. Na ga zanenta, na ji warin gero. Na yi kuka kaman raina zai fita, matar ta riƙe hannuna ta ce mun samo tushen.

Wata huɗu ban ɗaga wayar Gwaggo ba. Matar da duk azumi sai ta aiko min da yaji da daddawa da kuka ta hannun masu zuwa Umara. Tana turo saƙon murya tana cewa 'yata lafiya kuwa, ko na yi miki laifi ne, ni kuma in ji muryar sai zuciyata ta yi ta tafasa. Kuma abin da ya kamata ya farkar da ni tun lokacin, tsoron mutanen yana nan daram, ko ƙwayar zarra bai ragu ba.

Sai ranar da na kasa riƙewa na faɗa wa Umma. Ta yi shiru sannan ta ce, ke, gidan da muka zauna kina shekara biyar haya ne, ɗaki biyu, ba rijiya ba ɗakin hatsi, a famfon layi muke ɗibar ruwa. Gwaggonki kuwa lokacin tana aure a Maraɗi, ba ki fara ganinta ba sai kina aji biyu a firamare. Na kira Yaya a gefe ban gaya masa dalili ba, ya faɗi daidai abin da Umma ta faɗa. Rijiyar da ɗakin hatsin na gidan kakarmu ta wajen uwa ne a ƙauye, inda Gwaggo ba ta taɓa taka ƙafa ba.

Daga nan na shiga karance-karance, na tarar abin da ya same ni masana sun daɗe da saninsa. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu kaman kaset, duk sanda ka tuna tana sake harhaɗa shi ne, gutsuren nan da gutsuren can. Wata masaniya a Amurka, Elizabeth Loftus, a 1995 ta ba mutum 24 labarai huɗu-huɗu na yarintarsu, uku na gaske da aka samo daga danginsu, ɗaya ƙirƙirarre cewa sun taɓa ɓata a babban kanti suna wajen shekara biyar. Shida daga cikinsu suka ce sun tuna, wasu har da ƙara bayanin da ba a ba su ba. Wannan fa ba a ma sa su tanwim ba. Tun 1985 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce abin da aka tuno ta hanyar tanwim ba ya fin tunawar yau da kullum inganci, yakan zo a gauraye da abin da bai faru ba, mutum kuma ya ƙara sakankancewa da shi. Wannan sakankancewar ce ta ba ni tsoro, dan ni da an ba ni Alƙur'ani a lokacin zan iya dafawa.

Kar wani ya ɗauki maganata ya je ya ƙaryata wadda aka cuta da gaske. Na san mata a nan da aka zalunta suna yara, ba su buƙatar kowa ya tono musu, abin yana tare da su kullum, kunnen da zai saurare su suka rasa.

Maigida ne ya matsa muka nemi likita mai lasisin hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya a ƙasar nan, abin da ban ma yi tunanin tambayar waccan matar ba. Likitar ta ce sunan ciwon da Larabci ruhab ijtima'i, wato tsananin tsoron shiga mutane, kuma ba dole sai an gano ranar da ya fara ba kafin a yi maganinsa. Hanyarta ita ce gyaran tunani da ɗabi'a. Ta sa na rubuta abin da nake zaton zai faru in hannuna ya yi rawa a gaban mutane, na rubuta za su ce ba ni da hankali. Ta ce toh mu gwada. Satin farko aikina in gaida mai bagala, wato mai ƙaramin shagon unguwa, da kaina in tambaye shi kuɗin madara maimakon aiken yaro. Daga nan zuba wa mutum biyu shayi, daga nan zaman minti ashirin a gidan suna ba tare da na duƙufa kan waya ba. Ta koya min in maida hankalina kan abin da mutane ke cewa, in daina sauraron bugun ƙirjina. Wani satin in yi, wani satin in kasa in koma mata da kuka.

Na kira Gwaggo ana saura kwana biyu azumi. Na yi niyyar yi mata bayani tun daga farko, amma da ta ce Alhamdulillahi 'yata ta tuna da ni, sai na kasa, na ce Gwaggo ki yafe min kawai. Ta ce na yafe duniya da lahira, yajin naki ya ƙare ko da saura? Na ce ya ƙare. Makon jiya ya iso a cikin jakar wata Hajiya 'yar Fagge, ni na je masaukinsu na karɓo da kaina, mata bakwai ne a ɗakin, na zauna muka gaisa har na sha shayi, hannun ya ɗan yi rawa amma ban ajiye kofin ba.