Sabon koci, ka rage layi da usur ka ba yaran nan ƙwallo

Ku ƙannena da kuka fara haɗa 'yan yara kuna musu tirenin, ku yi wannan lissafin kafin ku sake fita fili. Yara 20 ne a layi, ƙwallo ɗaya, kowa zai ɗauka ya zagaya kon, wato robar nan da ake ajiyewa a fili don alama, ya dawo ya miƙa wa na bayansa, a ce sakan 15 kowa ke ci. Kenan yaro sai ya yi tsayuwar kusan minti 5 kafin ƙafarsa ta sake taɓa ƙwallo. A cikin minti 30 bai fi sau 6 layi ya zo kansa ba. Haka na daɗe ina yi wallahi, ina kuma jin kaina saboda layin ya miƙe tsaf, iyaye in sun zo sai su ga tsari su ce kocin nan ya san aiki. Su kuwa yaran suna baya suna tsokanar juna, ni kuma ina ta busa usur ina cewa ba su da natsuwa, alhali ni na ajiye su ba aikin yi.

Ga kuma zagayen fili da nake sa su yi kafin a fara komai, wai ɗumama jiki. Yaro ɗan shekara 9 da ya wuni yana guje-guje ba numfashi ne ya rasa ba, ƙafarsa ce ba ta san ƙwallo ba. Yanzu minti 10 zuwa 15 na farko kowa da tasa, in ba su isa ba a yi biyu-biyu. Na zana murabba'i, kowa na ciki yana jan ƙwallo yana kauce wa ɗan uwansa, ina kiran abin da za a yi: da cikin ƙafa, da bayan ƙafa, a taka ta da tafin ƙafa a jawo baya, a canza zuwa hagu. Cunkoson kanshi yana da amfani don dole yaro ya ɗaga kai ko ya yi karo. Wannan salon na kowa da ƙwallonsa ana danganta shi da Wiel Coerver, ɗan ƙasar Holan da ya ci kofin UEFA da Feyenoord a 1974, shi ne ya dinga nazarin yankan manyan 'yan wasa yana rarraba shi gaɓa-gaɓa yadda yaro zai iya koya. Irin juyin da Johan Cruyff ya yi wa ɗan bayan Suwidin a gasar cin kofin duniya ta wannan shekarar, ka nuna kamar za ka buga sai ka ja ta da cikin ƙafa ta bayan ƙafar da ka dogara a kai ka juya, yaro zai iya kama shi a 'yan kwanaki in ka nuna masa a hankali.

Amma fa a nan na sake yin tuntuɓe. Na samu yara sun iya yanka kon kamar me, ranar wasa kuma da difenda ya taso sai su daburce su watsar da ƙwallo. Toh ai kon ba ya motsi, ba ya sa ƙafa, ba ya ture ka da kafaɗa, yaro bai taɓa koyon yaushe zai yi yankan ba, yadda ake yi kawai ya sani. Don haka duk abin da ka koyar ba abokin hamayya, kar a tashi ranar sai an gwada shi ɗaya da ɗaya. Fili ɗan ƙarami, kamar taku 10 a 15, mai ƙwallo yana neman ya tsallake layin bayan ɗan uwansa da ƙwallo a ƙafa, in an ƙwace sai wancan ma ya kai hari. Da farko ka ce mai tsaro ya rufe hanya kawai kar ya sa ƙafa, in sun fara sabawa ka sake shi. Kuma ka dinga canza musu abokan karawa, in ba haka ba babban cikinsu zai ta cin ƙarami har ƙaramin ya daina zuwa.

Abin da ya fi ci min rai in na tuna shi ne ihun da nake yi a bakin layi ina cewa ba da fasin, fitar da ita, kar ka riƙe. Akwai wani yaro mai son yanka sosai, duk sanda ya rasa ƙwallo sai na daka masa tsawa a gaban kowa, a hankali ya koma da ta zo ƙafarsa zai tura wa na kusa, ni kuma har ina murna wai ya gyaru. Tsoro na koya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, fasin ana iya gyara wa mutum ko ya girma, amma zuciyar tunkarar difenda in ka kashe ta a shekara 10 da wuya ta dawo a 16. In yaro ya gwada ya rasa, ka jira wasa ya tsaya ka tambaye shi me ya gani, akwai fili a hagu ko babu, ka bar shi ya ba ka amsa.

Maganar fasin da tarar ƙwallo kuma rondo ya ishe ka, wanda Barcelona ta shahara da shi, mutum 4 a waje suna ba juna fasin, 1 a tsakiya yana neman ƙwacewa, in sun ƙware ka koma 5 da 2. Sai dai kar ka yi irin nawa, na ga manya a bidiyo suna taɓawa ɗaya-ɗaya na zo na ɗora wa yara, ƙwallo ta dinga tashi ko'ina. Ka bar su su taɓa sau biyu ko uku, ka buɗe filin, abin da za ka sa wa ido shi ne taɓawar farko, ta kai ƙwallo inda ba mutum, a karɓa da ƙafar da ta fi nisa da mai matsi, jiki a buɗe yana kallon fili, sannan a waiga kafin ƙwallo ta iso. Ƙafar hagu ma a nan ake sa ta aiki, ka ce zagaye ɗaya da ita kawai za a karɓa, za su yi ƙorafi, ƙyale su.

Wasan ƙarshe don Allah kar ka zuba yara 11 da 11 a babban fili, rabinsu sai an tashi ba su taɓa komai ba. Ingila yara ba sa kai wa 11 da 11 sai sun bi ta 5 da 5, 7 da 7, sannan 9 da 9. Jamus ma tun kakar 2024/25 ta mayar da ƙananan yaranta wasan 2 da 2 ko 3 da 3 da ƙananan raga huɗu, irin tsarin Funino na Horst Wein, kowane ɓangare na kai hari raga biyu yana tsare biyu, ba gola, don haka in an toshe dama dole yaro ya ɗago ya nemi hagu. Ba ka da raga ka sa kon biyu-biyu, shikenan. Yara 18 ka raba su fili uku, duk bayan 'yan mintuna a yi musanya.

Ƙwallon ma ka duba, lamba 5 ta manya ce, ƙanana lamba 3 sannan 4, in ta yi wa yaro nauyi da yatsa zai koyi bugu kuma cire masa wannan ɗabi'ar aiki ne. Hedin kuwa ka jinkirta, Amurka tun 2015 ta hana wa 'yan shekara 10 zuwa ƙasa saboda gudun bugun ƙwaƙwalwa, ni yanzu in ƙwallo ta zo sama cewa nake su tare da ƙirji ko cinya su sauke ta ƙasa.