Wasiƙa zuwa Sakkwato: akwai magana a bayan "da sauƙi"

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana mutanen Sakkwato.

Ina rubuto muku daga Ingila, a tsakiyar hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Shekara biyar ke nan ina aikin jinya a nan, uku daga ciki a wani sashe na jami'a da aikinsa shi ne binciken ciwo kansa: yadda jiki ke jin sa, dalilin da ya sa wani yakan ƙi tafiya bayan rauni ya warke, da hanyar kwantar da shi.

Wayar da na yi da Inna makon jiya ce ta sa ni wannan rubutu. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, har ta koma sallah a zaune. Na ce, "Inna, ya ƙafa?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Sai da ƙanwata ta karɓi wayar ta fita tsakar gida sannan ta gaya mini kwana uku Inna ba ta runtsa ba, tana zaune bakin gado tana murza gwiwa da man zafi har kiran assalatu. Da na matsa wa Inna, abin da ta ce kawai shi ne, "To mi za ni ce miki? Ciwon ga shina nan inda shike."

Na san daga inda wannan amsa ta fito, domin da ita aka raine ni. Mace mai haihuwar fari takan cije zane don kada a ji muryarta. Yaro a gaban wanzami ana zuga shi kada ya motsa. Bafulatani a filin sharo bulala na sauka yana murmushi. Wanda ya yi kuka sunansa mai raki. Ina girmama dauriyar nan, kuma "da sauƙi" amsa ce mai kyau ga wanda ya zo dubiya. Damuwata ita ce da ita muke shiga ɗakin likita, shi kuwa ba shi da na'urar da ke auna ciwo kamar yadda ake auna zafin jiki ko hawan jini. Ƙungiyar masu binciken ciwo ta duniya, da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta rubuta ƙarara cewa a mutunta abin da mai ciwo ya faɗa game da ciwonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya yi shiru, likita lalube yake yi a duhu.

A 1975 wani malami a jami'ar McGill ta Kanada, Ronald Melzack, ya fitar da takardar tambayoyi mai kalmomi 78 da marasa lafiya ke siffanta ciwo da su. Ranar da aka fara koya mini aiki da ita, zuciyata gida ta tafi. Mu fa muna da zogi, muna da raɗaɗi, muna da suka. Kai yana sara, ciki yana murɗa, jiki ya yi tsami, ƙurji yana zuga, ƙashi yana sanyi, tafin ƙafa yana ƙuna kamar an taka garwashi, ko mutum ya ji kamar kiyashi na yawo a fatarsa. Kowace kalma hanya take nuna wa likita. Mai ciwon suga da ya ce ƙafarsa na ƙuna da dare, ko yana jin kamar wutar lantarki na fizgarsa, mai yiwuwa jijiyoyinsa ne suka taɓu. Irin wannan ciwo ba kasafai yake jin farasitamol ba, maganinsa daban ne, irin su amitriptyline da likita ke rubutawa. Idan ya ce "ƙafa ce ke ciwo" ya tsaya nan, sai ya shekara yana shan abin da ba nasa ba.

Shi wannan Melzack, tare da abokin aikinsa Patrick Wall, su ne a 1965 suka bayyana abin da kowace uwa a Mabera ko Gidan Igwai ke yi ba tare da an koya mata ba. Yaro ya bugi ƙofa, ta jawo shi ta murza wurin tana hura masa iska, kuka ya ragu. Suka ce saƙon ciwo sai ya ratsa wata mashiga a cikin laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma saƙon shafa na iya tura ƙyauren mashigar ya rage abin da ke wucewa. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da nata umarni daga sama. Shi ya sa tsoro da rashin barci da damuwa ke ƙara ciwo, kwanciyar hankali kuma ke rage shi. Wannan ba ya nufin mai ciwo ƙirƙira yake yi. Tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba ciwon da ya wuce wata uku gurbinsa na kansa.

Abin da ya fi burge ni a wurin aikina shi ne teburin da muke zama. Ga likitan jijiya, ga likitan gashin ƙashi, ga masanin ƙwayoyin gado, ga masanin halayyar ɗan Adam, ga mai lissafi, wasu daga wasu jami'o'in ta bidiyo. A cikinmu kuma akwai marasa lafiya biyu, kujerarsu daidai da ta kowa. Na ga ranar da wata dattijuwa mai ciwon baya ta dakatar da farfesa ta ce tambayar da ya tsara ba ta da amfani, ita abin da take so a auna shi ne ko za ta iya ɗaukar jikanta. Aka gyara takardar.

Irin wannan haɗin gwiwa ya haifar da abubuwa manya. A 2006 masana daga Cambridge da likitocin Pakistan suka ba da labarin yara shida daga gidaje uku a arewacin Pakistan waɗanda ba su taɓa jin ciwo ba tun haihuwa. Sukan karye ba su sani ba, sukan ciji harshensu har ya gutsure. Aka gano ƙwayar gado ɗaya ce ta samu tangarɗa, mai gina wata 'yar ƙofa a jijiyoyin ciwo. A Janairun 2025 Amurka ta amince da sabon maganin ciwo mai suna suzetrigine, wanda ke toshe wata ƙofa 'yar uwar waccan, kuma ba ya cikin dangin magunguna masu sa maye. Barkonon da muke dakawa a yaji ma ya yi nasa aikin: da sinadarin da ke sa shi zafi David Julius ya gano abin da ke jin ƙuna a jijiya a 1997, ya kuma raba kyautar Nobel ta 2021 da Ardem Patapoutian.

Amma ni idan ana wannan bayani, ɗan yayata nake gani. Yana da amosanin jini, sikila. Yana shekara goma sha biyu, wani dare cikin sanyin hunturu ciwon ya tashi, muka kai shi wani ƙaramin asibiti yana birgima, ya riƙe cinyarsa da hannu biyu, gumi na zuba duk da sanyin. Mai aikin dare ya dube shi ya ce, "Wannan ya saba da allura ne." Muka kwana a benci ina danna masa tsumma mai ɗumi. Har yau idan na tuna ƙirjina yakan yi nauyi. A lokacin jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe sun toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi na neman iska bai samu. A nan Ingila ƙa'ida ita ce a ba irinsa maganin ciwo cikin minti 30 da isowarsa, kodayake a nan ɗin ma wani rahoto na 'yan majalisa a 2021 ya nuna masu sikila na fuskantar wannan zargi da sakaci. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara.

Ga wani abu mai ɗaure kai a ƙasarmu. Tiramadol da kodin sun cika lungu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. A gefe guda mai ciwon daji da ya kai gargara yana kwance yana nishi, mofin, maganin ciwo mai ƙarfi da zai ba shi barci, ya yi wuyar samu. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun fiye da kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani. Yuganda ta nemi mafita: ana haɗa mofin na ruwa mai araha a cikin ƙasar, kuma tun 2004 ma'aikatan jinya da aka horar suna da izinin rubuta shi. Mu kuwa mai ciwon gwiwa sai ya nufi kemis a ƙulla masa haɗi a leda, ya yi wata da watanni yana shan diclofenac har gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya biyo baya.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun yi shekaru suna aiki da jami'ar Vanderbilt ta Amurka kan amfani da maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, duniya kuma ta karanta sakamakon. Sakkwato na da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, ga asibitin yara masu cutar noma mai cin baki da fuska, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Roƙona ga malamanmu shi ne a haɗa likitoci da masana harhaɗa magani da malaman sashen Hausa a teburi ɗaya, a tattara kalmomin ciwo daga bakin mutanen Wamakko da Goronyo da Illela, da Hausa da Fulfulde, a gwada su a asibiti har su zama ma'aunin da kowace ma'aikaciyar jinya za ta riƙe. A zauna da maɗora da wanzamai da ungozoma, domin su mutane ke fara zuwa wa. A binciki sassaƙen da ake sha, a san wanda ke aiki da wanda ke cin hanta. Garin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi rubutu kan maganin basir, bai kamata a bar shi a baya a wannan fage ba.

Ga masu ganin faɗin ciwo rashin haƙuri ne, ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha ta ce "wayyo kaina" a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma ya ambaci nasa ciwon kan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kun je gaban likita ku faɗi inda yake, da irinsa, da lokacin da yake tashi, da abin da ya hana ku yi.

Na roƙi ƙanwata ta raka Inna asibiti ranar Litinin, ta kuma faɗi maganar kwana ukun nan idan Inna ta yi shiru. In Allah ya kai mu babbar sallah ina tafe, da littafi a jakata, zan zauna da Inna da ƙawayenta in rubuta duk sunan da suke kiran ciwo da shi.

A gaishe mini da kowa da kowa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

'Yarku a Ingila.